Sista Jael, Wadda Ta Ƙi Rufa wa Injiniya Asiri

Kafin rana ta yi zafi, Sista Jael ta riga ta fito daga ɗakinta na unguwar Al Muntazah a Doha da farin takalmi da gorar ruwa, tana jiran bas ɗin asibiti. Nas ce a sashen masu hatsari, mutuniyar Kafanchan, ana ce mata Maman Prosper. Lokacin korona takunkumi ya yi mata tabo a kan hanci, har yau bai goge ba. Matan Hausawan Doha, in zazzaɓi ya kama yaro, ita suke fara kira. Ƙarshen watan nan za ta koma gida, amma da yawa sun ce ba za su je sallama ba.

Abin ya faru ne lokacin Kofin Duniya. Injiniya Badaruddeen ya je wani otal kallon wasan yamma, ya sha giya. Mutumin sahun gaba ne a masallaci, kuma kowa ya san farar motarsa. In ya bar ta ta kwana a ƙofar otal, kafin Juma'a labari ya kai Kano. In ya kira tasi, wa ya sani ko direban ɗan gida ne? Sai ya shiga ya ja. A hanyar Al Aziziya ya daki ƙarfen gefen titi. Ya lallaɓa da motar har gida, ya kwanta riƙe da ciki.

Matarsa Muhsina ta kira Jael tana kuka. Jael ta zo ta danna cikinsa, ta ji ya yi tauri kamar katako, leɓensa ya yi fari.

"Injiniya, jini ne ke zuba a ciki. Sai asibiti."

"Sista, yi min allura kawai. In suka ɗebi jinina, khalas, shi ke nan! 'Yan sanda, kafil mai ɗaukar nauyina, aiki, komai ya tafi."

Muhsina ta riƙe mata hannu. "Maman Prosper, don girman Allah ki rufa mana asiri. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Ƙanwata, in ya mutu a kan katifar nan, me za ki gaya wa yaranki?"

Jael ta kira motar asibiti. Ana fita da shi ya juyo ya ce, "Ban yafe miki ba."

An yi masa tiyata, an cire saifa, ya rayu. Aiki kuwa ya tafi, iyalin suka tattara suka koma Najeriya. Muhsina ta daina ɗaukar wayar Jael. Aka riƙa cewa Jael ta tona asirin mai mutunci, aka daina gayyatarta suna da walima. Ba ta taɓa kare kanta ba, don karewar sai ta ƙara faɗin abin da ya yi.

Ke ce, Sista, kika zaɓi a tsane ki da a yi jana'iza. Ke ce kika ci gaba da ɗaga waya, har wa masu zaginki. Mun gode, Allah ya saka miki, ya kai ki gida lafiya.

Jama'a, kunya ce ke sa 'yan'uwanmu su riƙe sitiyari bayan sun sha, tsoron bakinmu ne. In ɗan'uwanka ya sha, karɓe makullin, ka kai shi gida, ka kama bakinka. In ya ji rauni, kira asibiti ko da zai tsine maka. Yaran Muhsina suna can Kano, an hana su ambaton sunan Jael, amma ubansu ne ke kai su makaranta.