Maƙerin da Ya Faɗa Sashen Kayan Mota

Seini maƙeri ne a unguwar Asawase cikin Kumasi, kuma da kurfoti, wato murhun gawayi, aka san shi. Ba irin na gwangwani ba, wanda za ka saya yau ya huje kafin azumi. Da tsohon rim yake yin nasa, wato ƙarfen nan da tayar mota ke zama a kansa. Sai ya yanka shi, ya yi masa ƙafafu da walda, ya buɗe ƙofar iska a gefe. Masu dafa waakye, wato shinkafa da wake, da masu tuwon bakin titi su ne mutanensa, don komai girman tukunya, kurfotin Seini ba ya lanƙwashewa. A hannun mahaifinsa ya koya, wani Bazabarme da ya zo Kumasi da ƙuruciya bai sake komawa ba.

Shekara da shekaru a wata rumfa yake baje kayansa a kasuwar Race Course, har ranar da mai rumfar ya sayar da wurin. Seini ya kwaso kurfotansa ya jibge a tsakar gidan hayar da suke zaune, can cikin lungu inda ba mai wucewa. Aka kwana biyu ba wanda ya leƙo.

Moro, ƙanen matarsa, direban tirotiro ne, wato bas ɗin haya, shi ya kawo shawara.

"Akonta, mijin yayata, yanzu kasuwa tana cikin waya. Kawo mu ɗauki hoto."

Suka ɗauki hotuna, suka shiga manhajar wata kasuwar intanet. Kafin ta karɓi kaya sai ta ce a zaɓi sashe. Moro ya riƙa karanta masa: motoci, wayoyi, tufafi, kayan gida, dabbobi. Ba inda aka ambaci kurfoti.

"Ai rim ne," in ji Moro. "Mu sa shi a kayan mota. Can masu kuɗi suke."

Seini bai ji daɗin maganar ba, amma bai san wayar kamar Moro ba. Ya ce a sa.

Washegari waya ta fara ƙara.

"Masta, rim ɗin nan na wace mota ne?"

"Ba rim ba ne. Murhu ne, na gawayi."

"To me ya kawo murhu cikin kayan mota?"

Haka ya wuni yana bayani ana kashe masa waya. Sai wani direba daga Asokore Mampong ya biyo kwatance ya zo har gida. Ko kallon kurfotan bai yi ba. Ya wuce wurin tarin rim da ba a yanka ba tukuna, ya zaro ɗaya mai lafiya, ya saya ba tare da ja-in-ja ba. Da ya koma ya rubuta yabo a manhajar, cewa wannan mutum yana da rim mai kyau kuma ba ya ha'inci.

Daga nan direbobi suka gane hanyar gidan. Da can idan Seini ya je Suame Magazin, matattarar makanikai da 'yan kayan mota, matattun rim yake nema, waɗanda suka gama aikin titi. Yanzu masu rai yake zaɓa, ya wanke, ya fesa fenti, ya ɗauki hoto. Injin walda ya koma ƙarƙashin benci.

Ya yi ƙoƙarin gyara kuskuren. Ya sa Moro ya mayar da kurfotin sashen kayan girki. Can ya tarar da dubban murhun gas da tukwanen lantarki masu ƙyalli, hotonsa ya nutse a ƙasansu, sai ka gaji da jan allo ba ka kai gare shi ba. Manhajar ta ce ya biya a ɗaga shi sama. Ya biya sau ɗaya, wata baiwar Allah ta kira tana tambaya ko za a iya shuka fure a ciki. Ya gwada sashen kayan masu sana'a, inda ake sa injin niƙa da keken ɗinki. Aka cire tallar, aka aiko masa da saƙo cewa kayan ba na sashen ba ne. Ya nemi wanda zai yi wa bayani bai samu mutum ba, amsa ɗaya ke dawowa kullum. Duk lokacin da ya ɗora hoton kurfoti, manhajar da kanta take zaɓa masa kayan mota, don ta ga siffar rim.

Moro ya ce sai dai ya buɗe sabon shafi da wata lamba. Amma duk yabon da direbobi suka rubuta a tsohon yake, kuma ba mai amincewa da sabon suna a kasuwar nan. Ga shi matan da ke dafa waakye ba sa neman murhu a waya. Hannunsu na cikin tukunya tun asuba.

Wata rana yana zaune a bakin ƙofa, matarsa Hamamatu ta fito da buta ta same shi.

"Baban Safia, me ya faru kuma?"

"Ni maƙeri ne, Hamamatu. Yanzu me nake yi? Wankin ƙarfe."

"Wankin ƙarfen ne ya mayar da Safia makarantar jinya," ta ce, ba da faɗa ba. "In ka bar shi, me za mu kama?"

Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

A unguwa ma suna ya sauya. Yaran da suka taso suna jin "Seini Mai Kurfoti" yanzu "Seini Rim" suke cewa, kuma ba da raini ba, haka suka ga baƙi na tambaya. A masallaci wani dattijo ya taya shi murna, wai Allah ya fid da shi daga zafin wuta. Seini ya ce amin, ya sunkuyar da kai.

Bayan Babbar Sallah Hajiya Ajara ta zo da kanta. Tsohuwar mai waakye ce, tun zamanin mahaifinsa take sayen murhu a gidansu. Ƙafar kurfotinta ce ta ɓalle, ta sa aka ɗauko mata shi a baro.

"Ɗana, ba na son hannun kowa a kansa sai naka."

Seini ya durƙusa ya shafa wurin da ya karye. Aikinsa ne, ya gane ɗinkin waldarsa. Ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba.

"Gobe in Allah ya yarda, Mma."

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara, wani mai tasi ya lalace a Kejetia yana neman rim maza-maza. Ya tafi. Washegari wani ya kira, jibi ma haka. Kullum zai dubi kurfotin a kusurwa ya ce yau da yamma, yamma ta yi ya dawo bayansa na ciwo.

Ranar wata Juma'a ya dawo ya ga kusurwar ba komai. Hamamatu ta ce Hajiya ta aiko an ɗauka, an kai wa wani mai walda a Aboabo. Hajiya ta ce a gaishe shi, ba ta yi fushi ba.

Seini ya tsaya yana kallon tsatsar da ƙarfen ya bari a kan siminti. Ya yi alwala, ya ci abinci kaɗan. Da gari ya waye ya hau tirotiro zuwa Magazin, don akwai mutum biyu da ya yi wa alkawarin rim.