Ban Faɗi Ba, Inna

Gidanmu na East Greensboro, a Amurka, yana da ɗaki guda a ƙarshen baranda wanda ni da ƙanwata Nana ba ma wucewa ta ƙofarsa sai da gudu. Nan Kawu Sanda yake, autan su Mama, wanda aka ɗauko daga Faransa. Ƙato ne na gaske, kunnuwansa sun murɗe kamar soyayyen nama, kuma sai ya wuni bai ce uffan ba. Tsoronsa muke ji, ba na ɓoyewa.

Bayan magariba Kaka takan hura gawayi a kaskonta a bayan gida, don Baba ya hana ta a ciki tun ranar da ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Kullum a gindin tagar Kawu take shimfiɗa tabarma, ko da sanyi na yanka.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. Mu ce, "Okay, Kaka." Ta harare mu. "Oke ɗin gidanku. Ƙawayena an zama Turawa."

Tana da labaran Gizo, amma ko ta fara su, sai ta karkato kan guda ɗaya. Wai an yi wani ɗan kokawa a Maraɗi wanda gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Wani Bature ya gan shi, ya kai shi ƙasar da ake wasan rugbi, mutum goma sha uku kowane ɓangare. Aka sa shi cikin 'yan gaba, masu rungumar ƙwallo su ruga cikin ƙartin da suka tare hanya.

"Balo ɗin ma kamar gwanda," in ji Kaka. "Suka ce mishi, in an kama ka, ka faɗi maza, ka tashi, wasa ya ci gaba. Shi ko ɗan kokawa ne. A wurinmu wanda ya taɓa ƙasa an gama da shi, har kuka mata suke."

Sai ya ƙi faɗuwa. Mutum biyu su riƙe shi, yana tsaye. Na uku ya taho da gudu ya same shi a ka. 'Yan kallo suna ihu suna kiran sunansa, kulob yana sabunta masa kwantiragi shekara bayan shekara, kai kuwa yana shan duka. A nan Kaka takan rage murya, ta ce kowane karo sai wani abu ya zube daga kansa a filin: yau sunan abokinsa, gobe hanyar gidansa. Nana takan ƙanƙame ni.

Daga nan sai ta ɗaga murya, ta juya wajen taga. "Ran nan dai suka taru suka ka da shi!"

Sai murya ta fito daga ɗakin nan mai duhu, kamar daga cikin rijiya: "Ban faɗi ba, Inna!"

Mukan zabura har mu kusa ture kasko. Kaka kuwa sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "To, na yi kuskure. Ku tashi ku yi sallah." Na daɗe ina jin haushinta. Me ya sa tsohuwa za ta riƙa tsokanar mutumin da muke tsoro?

Wata rana a lokacin kaka, ganye duk ya zube a tsakar gida, Kaka ta kai wurin nan a labarin, ta ce an ka da shi. Shiru. Ta sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Ta ajiye mafici, ta zuba wa tagar ido.

Sai muka ji ƙofa. Kawu ya fito, ya durƙusa a bakin tabarma da ladabi kamar baƙo.

"Hajiya," ya ce, "mutumin nan, da ya faɗi, ya tashi kuwa?"

Bai taɓa ce mata Hajiya ba; ashe bai gane ta ba. Kaka ta dube shi, ta ce, "Ya tashi, Auta. Zauna ka ji."

Sai da na girma, na haifi nawa, na gane ba mu take ba labarin ba. Mu 'yan rakiya ne. Kowace yamma takan yi wa ɗanta ƙarya guda don ta ji ko yana nan, ya ƙaryata ta, ta samu barci. Mu muna tsoron muryar nan, ita tana tsoron ranar da ba za ta ji ta ba.

Kaka ta ci gaba da hura gawayinta har ƙarshen ranta, Kawu yana zaune tare da mu yana saurare. Amma ba ta ƙara cewa an ka da shi ba.