Ramin Zinaren Da Ya Cinye Min Jakunkunan Sallah

Edita, a shekarar da Sin ta karɓi gasar Olimfik, idan ka shiga Shiling, garin masana'antun jaka, ka tambayi wanda ya san jaka, ko kajin garin ni za su nuna maka. Daga ƙofar masana'anta nake shinshina jaka in gaya maka fata ce ko roba aka shafa wa mai. Masu masana'antu, waɗanda muke ce wa lauban, da sun hango ni sai su fara gumi, don sun san zan yanka farashi har ƙashi. Shekara tara ina tura kwantena Kano ba a taɓa cuta ta ba. To, ni ɗin nan ne na sayi rami, ramin da ban taɓa gani ba.

Akwai wani ɗan Damagaram da na ba shekara goma, ni na fara kai shi Shiling na koya masa duba zif da ɗinki. A gidan abinci ɗaya muke cin na rana a unguwar Sanyuanli. A lokacin biza ta yi wuya, baƙi sun ragu, sai zaman hira. Kwatsam mutumin nan ya fara zuwa da agogo mai ɗauke ido. Aka ce wai hannun jari ya saya a wani ƙaramin kamfanin haƙar zinare ta hannun dillali a Hong Kong, kuɗin ya ninka. Mutanen da kullum ni suke juyo wa kujera, sai na ga duk sun koma gefensa, har ana ce masa ranka ya daɗe. Bakina yana masha Allah, a raina kuwa hassada ce fal. Ranar da ya biya min kuɗin abinci kuwa, na rantse a raina sai ni ma na yi zinare.

Girman kai ya hana ni tambayarsa. Da na tsallaka Hong Kong kan maganar biza, sai na nemi nawa dillalin, na shiga ciniki irin na ɗan jaka. Na ce ya nuna min wanda ya fi araha. Ya kawo wani kamfani da kuɗin hannun jari ɗaya na mutumina zai saya min tuli, na ce a raina yau ga sari. Sannan na nemi samfur. Ya ɗan dube ni, ya buɗe durowa ya miƙo min wani dutse mai ƙyalƙyali. Na juya shi, na auna a tafin hannu, kuma wallahi sai da na shinshina shi. Ya ƙara min da hoton wani tsauni da mutane sanye da hular kwano. Ni da ba na ba da ko sisi sai na ga kekunan ɗinki suna aiki, ban ko tambaya an taɓa tono wani abu daga tsaunin ba. Kuɗin kwantenar Babbar Sallah na zuba, kayan da wata Hajiya mai shaguna a Kano take jira, matar da ita ce rabin kasuwata tun farkon zuwana. Na ce wa lauban ɗin da zai ɗinka kayan ya ba ni sati biyu kafin in biya.

Kwanakin farko abin ya ɗan ɗaga. Na sayi agogon da ya fi nasa nauyi, har hannuna na hagu ya fara rinjayar na dama. Na shaida wa 'yan gidan abinci cewa yanzu tsauni gare ni, kujeru biyu suka juyo. Sai farashi ya fara sauka. Mu kuwa a sana'armu idan kaya ya yi araha ƙari ake yi, sai na ƙara da abin da ya rage. Bayan an gama wasannin Olimfik kasuwannin duniya suka rikice, kamfanin ya fito ya ce yana neman kuɗin da zai fara haƙa. Fara haƙa fa! Ko cokali ɗaya ba su tono ba. Na kira dillali na ce ya sayar, ya amsa min da kalmar nan da muka gaji da ji a shaguna, meyo, wato babu. Babu mai saye. Jaka idan ta ƙi sayuwa ka kai wa uwargida ta rataya, wannan kuwa takarda ce da ko ƙosai ba za ta naɗe ba.

Sati biyu ya zama wata biyu, lauban ya ba wa wani layina na ɗinki. Hajiya tana kira ina ɗora wa jirgin ruwa laifi, har sai da na kusa nutsar da shi da bakina. Ɗan Damagaram kuwa ashe ɗan abin da ba zai dame shi ba ya sa, ya sayar tun da wuri ya koma kan jakarsa.

Yanzu na gane ba zinare na je saye ba, kujerun nan na je juyowa. Duk mai karatu da ya ga ƙaninsa a sana'a ya samu, ya daure ya tambaye shi, tambaya ba ta taɓa kashe dattijo ba. Kada ka sa kuɗin kayan da ake jira a abin da ba ka san inda ake yin sa ba, kuma araha a takarda ba sari ba ce.

Bayan Sallah na tattara ƙarfin hali na kira Hajiya na faɗi gaskiya, na roƙe ta ta ajiye min gurbina. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Ayya Alhaji, kada ka damu kanka. Wani yaron kirki ɗan Damagaram ya turo mana, kuma ka san wani abu? Ɗinkinsa ya fi naka."