Ɓaunar da Ɗanliti Ya Bi

Ɗanliti ɗan gidan maharba ne a wani ƙauye kusa da Doguwa. Tun yana ƙarami yake bin ubansa daji, har ya zama in ya dubi sawu ya san ko dabbar kiwo take ko gudu. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya cin abinci shi kaɗai. Allah Ya jiƙansa.

Da aka killace dajin aka hana farauta, sai aka ɗauke shi gadin namun daji, aka karɓe bindigar da ya gada. Bai yi musu ba. Ba a jima ba sai ga masu zarto da izinin hukuma, suna kayar da manyan itatuwan maɗaci na bakin rafi, inda garken ɓauna ke shan inuwa. A ɓoye kuma suna ɗana tarkon waya.

Wata ɓauna ta faɗa, ta tsinke wayar, ta tafi da guntunta a ƙafa. Ƙafar ta ruɓe, garke ya bar ta, ta laɓe a duhuwar da ke kan hanyar da mata ke kai wa masu zarto fura. Cikinsu har da Hauwa, matar Ɗanliti.

Ya sami Surajo, shugaban masu zarto, ya ce a dakatar da aiki, a tsayar da matan.

"Mu ci katako ke nan?" in ji Surajo. "Ai ɓaunar 'yar gidanka ce, sarkin gadi. Je ka ba ta haƙuri."

Ya taka har Tudun Wada roƙon bindiga. Babban malamin daji ya ce, "Kai da aka sa ka tsare su?"

To, a gidan maharba ba a barin dabba mai rauni a hanyar mutane. Wanda ya fara ganin jininta, shi zai ƙarasa ta. Ɗanliti kuwa shi ya fara ganin na wannan.

Hauwa ta riƙe masa riga. "Malam, wallahi na daina zuwa."

"Ke kin daina. Asabe fa, da ke bin hanyar da goyonta?"

Ya zari mashin ubansa daga rufin ɗaki, ya fita da hantsi.

Bayan la'asar aka same su. Ɓaunar ta mutu, mashi a wuyanta. Shi kuwa ta haɗa shi da kututturen maɗaci, ƙirjinsa ya karye. A kan sabon katako aka ɗauko shi gida.

Mai bincike ya zo, tambayarsa ɗaya: wa ya ba mamacin izinin kisa? Bayan sadakar uku zarto ya ci gaba da kuka a bakin rafi. Hauwa ta gama takaba ta koma Kiru, wajen iyayenta.