Mai Neman Wutsiyar Zaki

A kasuwar Asabar ta birnin Freiburg a Jamus, wata mata tana tsaye gabana a teburin tsohuwa Hiltrud mai ganyayyakin magani. Rigar sanyinta ta yi mata yawa, kamar ta namiji ce. Idanunta sun faɗa, sai cizon leɓe take yi.

"Inna, a ba ni ganyen wutsiyar zaki. Gabana ke ta faɗuwa, barci ya ƙaurace mini."

Hiltrud tana cikin ƙulla busasshen ganyen, wanda kakanninmu suke dafawa saboda bugun zuciya, sai ta ɗaga ido.

"'Yar nan, ba dai ciki gare ki ba? Ganyen nan yana motsa mahaifa fa."

Hannun matar ya sauka kan mararta, ta janye shi da sauri kamar ta taɓa garwashi. Na kasa gane ko ba ta san haka ba ne, ko kuwa sanin ne ya kawo ta.

Hiltrud ta juye ganyen cikin buhunsa. "Je ki ga likita tukuna."

Ga matar can tana ratsa mutane. Ba hanyar asibiti ta nufa ba, teburin wani mai maganin daban ta dosa.