Shanyar Gwaggo a Kan Jirgi

Gwaggona matar direban jirgin ƙasa ce. Bayan mijinta ya rasu, jirgi ma ya daina zuwa, aka yasar da kan jirgin da yake tuƙawa a bayan gidanta, ciyawa ta cinye layin dogo. Ita kuwa ta mai da shi wurin shanya.

Wata safiya masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da wutar yanka ƙarfe, za su yayyanka jirgin. Sai Gwaggo ta fita unguwa. Gida-gida ta bi tana cewa, "Yau kowacce ta yi wanki!" Kafin hantsi matan unguwa sun lulluɓe jirgin da zannuwa da tsummokaran jarirai, sun tsaya riƙe da ƙugu.

"Mama, a kwashe mana kayan nan," in ji babbansu.

"Sai sun bushe, ɗana."

Ina fa za su bushe! Ana kwashe wasu ana shanya wasu, kullum, har mutanen suka gaji suka haƙura.

Yanzu an yi wa jirgin fenti, baƙi na zuwa kallo, an hana shanya. Amma zanen Gwaggo na nan a kansa. Mai gadin jirgin ma shi ke taya ta matsewa.