Kujerar da Na Kawo daga Gida

An ɗauke mini tebur ranar Litinin. Na shiga ofis na tarar da sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti, kujerar ma babu. Tsohon masinjanmu ya kawar da kai ya ce, "Hajiya, an ce gyara za a yi musu." Teburin da ko ƙusa bai taɓa nema ba.

A lokacin ni ce shugabar duba-gari ta shiyyarmu a Bauchi, mu ne masu leƙa kwata da rijiya da tukunyar masu sayar da abinci. An rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙaramar hukuma an kawo kantoman riƙo, shi kuma ya zo da mutanensa. Laifina ɗaya ne. Na sa kwaɗo a rijiyar wani gidan abinci da ke unguwar Ɗan Iya, saboda taku biyar ne tsakaninta da masai, kuma yaran unguwar sun fara gudawa. Ashe mai gidan surukin kantoma ne. Ko da na sani, da na sa.

Ga yadda ake korar irinmu a wancan ofishin. Ba a ba ka takarda, don takarda sai da dalili, dalili kuma sai wani ya sa hannu a ƙarƙashinsa. Kora da hali ake yi. A ɗauke tebur, a daina kawo maka fayil, abokan aiki su riƙa gaishe ka da gefen baki. In kunya ta kama ka ka zauna a gida, sai a rubuta ka gudu daga aiki, shekarunka duka su bi ruwa, kuma kai ne mai laifi. Na ga an yi wa maza biyu haka, duka suka tafi sum-sum.

Washegari na ɗauko kujerar tsuguno daga madafina, na sa ta a keke napep. Na sa hannu a rajistar zuwa aiki ƙarfe takwas saura, na kafa kujerata a baranda daidai ƙofar kantoma, cikin kakin aiki da ya sha guga. Duk wanda ya zo ganinsa sai ya tsallake ƙafata. In an tambaye ni lafiya, sai in ce, "Lafiya lau, aiki nake."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji kunya har cikin ƙashina. Matan da na koya wa aiki suna wucewa suna kallon silin. Mijina ya ce in haƙura, mulki ba ya dawwama. Na ce masa nawa haƙurin a barandar zan yi shi.

A sati na bakwai sakatare ya kira ni ciki.

"Hajiya, kina ba mu kunya gaban baƙi. Ki ba da mabuɗin rijiyar nan, gobe teburinki ya dawo."

"Ranka ya daɗe, da takarda aka naɗa ni. In an gaji da ni a rubuto, a sa hannu. In kuma rijiyar ake so a buɗe, ita ma a rubuto."

"Ke dai taurin kai."

"Gadonsa na yi."

Takardar ta fito bayan kwana uku, da sa hannun kantoma raɗau. An sauke ni daga shugabanci, an mayar da ni ƙauyen Inkil, wai saboda buƙatar aiki. Babu kalmar laifi ko ɗaya, don sun nema sun rasa.

Saura miƙa aiki. Wanda aka ɗora a wurina ni na koya masa yadda ake auna tazarar masai da rijiya, yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya uku. A takardar miƙa aikin na rubuta halin rijiyar dalla-dalla, har da gidajen da aka yi ciwo. Ya karanta, ya ɗago.

"Anti, ba sai an sa wannan ba."

"Sai an sa. Ga mabuɗi, ga biro. In ka buɗe ta, da saninka ka buɗe."

Ya sa hannu, ya karɓi mabuɗin. Ni kuwa sai da keke ya fita daga gari sannan na yi kukana, na share fuska kafin mu isa.

Sati biyu aka yi aka cire kwaɗon. Na ji zafinsa ƙwarai, kuma har yau ban huce ba. Wanda ya gaje ni ɗin ya yi gaba a aiki, ya yi mota, ni na ƙare a inda aka jefa ni. Amma in muka yi kiciɓis a Kasuwar Muda Lawal, shi ne yake shigewa layin 'yan hatsi kamar yana da abin saye. Ni kuwa tafiyata nake yi a tsakiyar hanya.